Yadda na gyara lissafin ƙashin cinya da ya ƙi tafiya a Abaqus

Alhamdu lillahi, ya tafi. Abaqus manhajar kwamfuta ce da ake lissafa yadda abu ke ɗaukar nauyi da ita. Aikin shi ne gwada ƙarfen titaniyom da ake dasawa cikin ƙashin cinya, ƙashin kuwa na ciro siffarsa daga hoton asibiti na CT. Ƙashi na ba shi taurin 17,000 MPa (megapascal, ma'aunin tauri), ƙarfen 110,000, gogayya a tsakaninsu 0.3. Da zarar na ɗora nauyin 2,300 N (newton, ma'aunin ƙarfi) a kan ƙwallon da ke saman ƙarfen, sai lissafin ya tsaya cak tun matakin farko, ga gargaɗi cewa wasu ɗigo na siffar ba abin da ya riƙe su.

Na ƙanƙanta ragar, wato ƙananan gutsattsarin da ake rarraba siffar zuwa gare su don lissafi, na duba ma'auni ko mita ta shiga cikin milimita. Duk lafiya lau.

Ashe akwai ɗan gibi tsakanin ƙarfen da ramin ƙashin, wanda ido ba ya gani sai an zuƙo hoton sosai. Ƙarfen yana lilo ke nan, nauyi kuma ba ya zama kan abin da bai taɓa komai ba.

Sai na raba aikin gida biyu. A matakin farko ban sa nauyi ba, na tura ƙarfen ƙasa milimita 0.05 har ya taɓa bangon, na kunna Nlgeom (zaɓin da ke sa lissafin ya bi sauyin siffa yayin motsi), na sa takun farko na lissafin ya zama 0.01 na matakin. A na biyu na kashe turin, na ɗora nauyin sannu a hankali. Ragar, mai gutsattsari nau'in C3D10, na bar ta yadda take.

Kada a tsallake wannan: na tara ƙarfin da gindin ƙashin ya mayar, ya ba ni 2,300 N, daidai da nauyin da na ɗora.

Na gode wa abokin aikina da ya ce in leƙa gibin.