Wuni guda a Istanbul: ga ƴan Maraɗi sababbin zuwa

Mutanenmu na Maraɗi da ke sauka Istanbul, galibi saro ne ya kawo su. Daga filin jirgi sai unguwar Laleli, daga can sai wajen masu aika kaya, sai jirgin Yamai. Haba Alhaji, ware wuni ɗaya mana ka ga gari. Sai dai a zaɓi ranar: babbar kasuwa mai rufi, Kapalıçarşı, ba ta ci ran Lahadi, Topkapı, tsohuwar fadar sarakunan Usmaniyya, kuma a rufe take ran Talata. Laraba ko Alhamis sun fi.

Bar tasi. Sayi katin Istanbulkart a na'urar da ke tasha, ka zuba masa lira, ka hau jirgin titi na layin T1. Daga Laleli shi zai bi da kai Beyazıt, ƙofar kasuwa, ya wuce Sultanahmet, ya gangara Eminönü bakin ruwa. Duk yawon naka a kan layin nan yake. Riƙe aljihu, akwai cunkoso.

Fara da Topkapı tun da safe, kafin jama'a su yi yawa. Kuɗin shiga na baƙi da ɗan nauyi, amma in wuri ɗaya za ka biya, to nan ne. Akwai ɗakin da aka adana kayan Manzon Allah (SAW): akwatin mayafinsa, takubba, da makullan Ka'aba. Da yawansu Sarkin Usmaniyya Salim na Ɗaya ne ya kawo su bayan ya ci Masar a 1517. Kana zagayawa kana jin mai karatun Alƙur'ani, ba a yankewa. Kada ka yi gaggawa a ɗakin nan, ko da na bayanka na turo ka.

Azahar ka yi ta a masallacin Sultanahmet mai hasumiya 6, shiga kyauta. Aya Sofiya na fuskantarsa: an gama gina ta a 537 tana coci, ta zama masallaci a 1453, aka mai da ita gidan tarihi, aka sake komawa salla cikinta a 2020.

Batun ciki kuwa, duk gidan abincin da ka ga yaro a ƙofa yana jan hannunka, wuce. Shiga lungu ka nemi lokanta, inda ma'aikata ke ci. Abinci na nan jere bayan gilashi, ka nuna da yatsa. Miyar mercimek (wani irin ƙanƙanin wake) da burodi, shinkafa da farin wake, ƙoshi ba tsada. Ayran nono ne, amma da gishiri ake sha, Hajiya kada ki nemi sukari.

A Kapalıçarşı, ɗan Maraɗi ba ya bukatar a koya masa ciniki. Shaguna sun kai 4,000, kuma farashin farko na ƴan kallo ne. In an ba ka shayi ka sha, bai wajabta maka saye ba. Tufafi dai sun fi araha a Laleli. A Kapalıçarşı ka duba zinariya da darduma. A titi, in mai goge takalmi ya yar da buroshi gabanka, bar masa abinsa, tarko ne na karɓar kuɗi.

Bayan la'asar, hau jirgin ruwa daga Eminönü zuwa Üsküdar. Katin nan dai za ka taɓa, cikin kamar minti 20 ka bar Turai ka shiga Asiya. Ka tafi da rigar sanyi, iskar tekun ba ta da wasa, musamman daga Nuwamba zuwa Maris.