Masu ciwon kumburin hanji, ku sa a duba muku bitamin D

Salamu alaikum 'yan uwa mazauna Makka da Jidda. Wannan shawara ce ga masu fama da kumburin hanji, irin su Crohn.

Ranar Saudiyya kamar ta soya ƙwai, amma ƙarancin bitamin D, mai ƙarfafa ƙashi, ya yi yawa a nan, don daga ɗaki mai sanyi sai mota. Ranar da ta ratso gilashin taga kuwa ba ta sa fata ta haɗa shi, kuma baƙar fata irin tamu ta fi daɗewa kafin ta samu abin da ya isa. Mai ciwon hanji abin ya yi masa biyu: tare da maiƙo ake tsotse bitamin ɗin a ƙaramin hanji, inda ciwon Crohn ya saba tsayawa, sannan maganin prednisolone na rage kumburi yana cinye ƙashi idan an daɗe a kansa. Shi ya sa za ka ga matashi yana dafa bango kafin ya miƙe daga sujada.

In kun je wurin likita, ku nemi gwajin jini na bitamin D. Ƙasa da 20 a ma'aunin ng/ml ƙaranci ne. Wanda ya haura wata 3 yana shan prednisolone ya tambayi hoton ƙarfin ƙashi, DEXA.

Ƙwayar bitamin D, a sha ta tare da abinci mai maiƙo. A riƙa cin kifin gwangwani da gwaiduwar ƙwai. Amma don Allah kada a sayi mai ƙarfin IU 50,000 a kemis ana sha kullum, galibi ta mako-mako ce, kuma yawanta na kawo tsakuwar ƙoda.