Tafiya Ingila ganin miji ko mata da halartar bikin dangi: inda aka fi yin tuntuɓe

Tun daga Janairun 2024 da Birtaniya ta hana yawancin ɗaliban ƙasashen waje tafiya da iyalansu, a watan Maris kuma ta hana sababbin masu aikin kula da tsofaffi tafiya da nasu, ma'aurata da yawa suka koma ganin juna da bizar ziyara. Miji yana Manchester ko Birmingham, uwargida tana Kano ko Kaduna da yara. Idan bikin wani ɗan'uwa ya taso a can, sai a haɗa tafiyar, a ga juna, a kuma yi biki. Bizar da ake nema ita ce Standard Visitor, mai wata shida, wadda kuɗinta ya koma fam 127 a Afrilun 2025. A duba shafin gwamnatin Birtaniya kafin a biya, don kuɗin yana sauyawa, kuma idan an hana ba a mayarwa.

Jami'in da zai duba takardunka bai san ka ba, ba kuma zai gan ka ba. Abu uku yake nema a cikin fayil ɗin: shin za ka koma gida, wa zai biya kuɗin tafiyar, kuma abin da ka rubuta ya yi daidai da abin da takardunka suka nuna? Yawancin kurakuran da ke ƙasa daga nan suke tasowa.

Ɓoye wanda za a je gani

Wannan shi ne babba, kuma shawarar mutane ce take jawo shi. Za a ce wa mace kada ta ambaci mijinta, wai za a ɗauka ba za ta dawo ba, ta rubuta biki kawai ko yawon buɗe ido. Haka ake gaya wa saurayin da aka sa musu rana da yarinyar da take karatu a can. To, fom ɗin yana tambaya ƙarara ko kana da dangi a Birtaniya, yana tambayar matsayin aurenka da inda abokin zamanka yake. Mijin nan kuwa ya riga ya rubuta sunan matarsa da ranar haihuwarta lokacin da ya nemi tasa bizar, suna nan a ajiye. Da zarar an haɗa biyun, magana ta tashi daga shakkar ko za ta dawo, ta koma yaudara, hukuncin yaudara kuma yakan kai hana shiga ƙasar na shekara 10. Hani na yau da kullum ana gyara shi da sabon fom bayan wata ɗaya ko biyu. Wannan kuwa yana bin mutum har ranar da zai nemi bizar zama da iyalinsa.

Gyaran shi ne a faɗi dalilan biyu tun a layin farko na wasiƙar bayani: zan je ganin mijina, wane, da ke adireshi kaza, zan kuma halarci ɗaurin auren ƙanwarsa ranar kaza a gari kaza, zan dawo ranar kaza. A haɗa katin gayyata, da takardar kama zauren biki idan masu bikin za su bayar. Gaskiya ne samun miji a can yana sa jami'i ya ƙara sa ido, amma maganin haka shi ne a ƙarfafa shaidar abin da zai dawo da mutum: takardar hutu daga wurin aiki mai ɗauke da ranar komawa, takardun makarantar yaran da aka bari a gida, rajistar kasuwanci, takardar gida ko ta haya.

Haka zancen yake ga wanda aka taɓa hana wa biza, ko ta Amurka ce ko ta Kanada ko ta Turai. Ana tambaya, a amsa da gaskiya. Wanda ya ba ejan ya cike masa fom, ya zauna ya karanta kowane layi kafin a tura. Abin da ejan ya rubuta da sunanka, kai ka rubuta shi a wurin hukuma.

Kuɗin da aka zuba dare ɗaya

Babu wani adadi da doka ta ƙayyade cewa sai an same shi a asusu. Abin da ake dubawa shi ne ko kuɗin naka ne, kuma ko tafiyar ta dace da samunka. Malamin da albashinsa naira 250,000 ne a wata, sai ga miliyan 6 ta faɗo asusunsa saura mako biyu ya nemi biza, ya tona wa kansa asiri, don takardar banki ta wata shida da aka saba miƙawa za ta nuna yadda asusun yake rayuwa kafin ranar. Idan kuɗin na halak ne, fili aka sayar ko adashi aka kwasa ko gado aka raba, a sa takardar da ta nuna haka, a kuma yi bayaninsa a layi biyu. Idan aro ne don a cika ido, a bar shi.

'Yan kasuwa suna da tasu matsalar. Mai shago a Kantin Kwari zai iya juya kuɗi masu yawa a hannu, asusunsa kuwa shiru. Mai niyyar tafiya ya fara shigar da cinikinsa banki watanni kafin lokacin, ya kuma raba asusun shago da na kansa.

Idan miji ne zai ɗauki nauyin komai, a faɗi haka, babu aibu. Ya rubuta wasiƙa ya lissafa abin da zai biya, tikiti ne, masauki ne, abinci ne, ya haɗa takardar bankinsa, takardun albashinsa, shaidar izinin zamansa da yarjejeniyar hayar gidansa. Ɗalibin da yake ɗaki ɗaya a gidan haɗaka kada ya rubuta cewa zai sauki matarsa da surukarsa da yara uku. Alƙaluman kuma su zo ɗaya: kuɗin shigar da aka rubuta a fom, da wanda ke takardar wurin aiki, da wanda banki ya nuna.

Lokaci da takardu

Ana iya nema tun saura wata uku tafiya, amsa kuma takan fito cikin mako uku daga ranar da aka ɗauki hoton yatsu a Abuja ko Legas. A lokacin bazarar Birtaniya da gab da Disamba layi yakan yi tsawo. Masu biki sukan makara wajen buga kati, mai tafiya ya yi ta jira har ya rage kwana 20. Ba sai an jira kati ba, wasiƙa daga iyayen amarya ko ango mai ɗauke da rana da wuri ta isa. Akwai hanyar gaggawa ta kwana biyar na aiki a kan ƙarin fam 500, amma saurin amsa take sayo wa mutum, ba amincewa ba. Kada a yanki tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito. Bizar ziyara ba ta da ɗaukaka ƙara irin ta kotu a yawancin lokuta. Idan an hana, a karanta dalilan da aka rubuta, a amsa su ɗaya bayan ɗaya a sabon nema.

Sunaye suna ba mu wahala fiye da yadda ake zato. Muhammad a fasfo, Mohammed a banki, Mamman a takardar makaranta. Mace ta yi fasfo da sunan mahaifinta, asusun banki da sunan mijinta. A daidaita abin da za a iya, sauran a haɗa da takardar rantsuwa ta kotu. Takardar aure da aka rubuta da Hausa ko Larabci sai an fassara ta zuwa Turanci, mai fassarar ya sa sunansa, sa hannunsa, kwanan wata da inda za a same shi. Yaro ɗan ƙasa da shekara 18 yana bukatar tasa bizar, ana rubuta sunan babban da zai rako shi, kuma da wannan mutumin zai shiga. Idan goggonsa ce aka rubuta sannan ta fasa tafiya, ba a miƙa shi ga wani haka kawai.

Wani abu da yake faruwa a gidan biki: dangi sun taru, sai manya su ce tunda ga yaran nan an riga an yi baiko, a haɗa da nasu auren a huta. Halartar auren wani ba komai, amma mai bizar ziyara ba shi da izinin yin rajistar aurensa ko ba da sanarwar aure a ofishin hukuma. Wannan tana da bizarta daban, Marriage Visitor, ita ma daga gida ake nemanta. Kuma ba a juya bizar ziyara ta koma ta zaman aure daga cikin ƙasar, sai an dawo.

Hanya

Jiragen da ke zuwa Landan kai tsaye daga Abuja da Legas suke tashi, tafiyar wajen awa shida da rabi. Daga Kano sai an yada zango, galibi a Alƙahira, Addis Ababa ko Doha. Tarkon yana cikin tikiti mai rahusa da ya bi ta Paris, Frankfurt ko Amsterdam. Masu fasfon Najeriya da na Gana suna cikin waɗanda ƙasashen Schengen, wato gungun ƙasashen Turai irin su Faransa, Jamus da Holan, suke nema wa bizar wucewa ko da ba za su fita daga filin jirgi ba, kuma tun da Birtaniya ta bar Tarayyar Turai bizarta ba ta cikin waɗanda ke ɗauke wa mutum wannan sharaɗi kai tsaye. Tun a teburin auna kaya za a mayar da mutum. A tambayi ofishin jakadancin ƙasar kafin a biya. Bizar Birtaniya kuma ba ta shigar da mutum Faransa ko Jamhuriyar Ireland, don haka idan an ce walima a Dublin, babban birnin Ireland, za a yi, wata biza ce daban.

Tsarabar biki

Nan ne zuciya take rinjayar hankali. Miji ya shekara bai ɗanɗana kilishi ba, uwar amarya ta aiko a taho da dambun nama da man shanu. Duk nama da duk abin da aka yi da madara haramun ne a shiga da su daga Najeriya, busasshe ne ko soyayye, ko an like shi a leda. Za a ƙwace a lalata, wanda ya ɓoye kuma yana iya fuskantar hukunci. Busasshen kifi an yarda har kilo 20, zuma har kilo 2. Dabino yana wucewa, haka kayan da aka sarrafa aka ɗaure kamar garin kuka, yaji da busasshiyar kuɓewa. Ɗanyen goro da ɗanyen kayan lambu kuwa suna bukatar takardar shaidar lafiyar tsirrai. Goron ɗaurin aure gara a saye shi a shagunan 'yan Afirka a can.

Kayan kyauta suna da iyaka, fam 390 ga mutum ɗaya. Akwati guda na leshi, atamfa, shadda da sarƙar gwal na amarya ya wuce wannan nesa, kuma idan aka wuce, harajin a kan dukan kayan ake lissafa shi, ba a kan rarar kaɗai ba. A riƙe rasit, a bayyana, ko a raba ankon ga matafiya da yawa kowa da nasa. Tsabar kuɗi daga fam 10,000 zuwa sama sai an bayyana, kuma idan iyali suna tare jimillarsu ake dubawa. Wajen canji a lura da tsofaffin takardun fam 20 da 50 na takarda, an daina karɓarsu a shaguna tun bayan 30 ga Satumba 2022, na roba ake kashewa.

Humra da turaren ruwa su shiga babban akwati, a naɗe bakin kwalba da salatif a sa a leda biyu, don a yawancin filayen jirgi jakar hannu ba ta ɗaukar kwalbar ruwa-ruwa da ta wuce mililita 100, kuma kwalba ɗaya da ta fashe ta isa ta ɓata ankon mutum biyar. Kayan da za a sa ranar bikin su kasance a jakar hannu, saboda akwati yakan makale a inda aka yada zango. Magunguna irin su tramadol, codeine da diazepam sai da wasiƙar likita mai sunan mai shan, kuma kada su wuce na wata uku. Saƙon da wani ya kawo a ɗaure, a buɗe shi a gabansa ko a bar masa abinsa.

A bakin shiga da bayan an shiga

Biza izinin zuwa bakin ƙofa ce, jami'in filin jirgi yana da ikon mayar da mutum. Zai tambayi wurin wa ka zo, ina za ka sauka, kwana nawa, wa ya biya. A rubuta adireshi da lambar wayar mai masauki a takarda, don waya takan mutu ko ta rasa intanet. Tikitin dawowa da katin biki su kasance a hannu, wanda ya zo tarba kuma ya bar wayarsa a kunne, ana iya kiransa a ji ko maganarku ta zo ɗaya. Wanda Turancinsa bai nuna ba ya nemi tafinta, ya fi ya yi ta cewa eh ga abin da bai fahimta ba.

Ba a aiki da wannan biza. Mai ƙunshi ko mai girkin biki da ta karɓi kuɗi a can ta karya sharaɗi, ko da aikin na yini ɗaya ne. Inshorar lafiya kuma kada a raina ta, musamman ga mai juna biyu da tsofaffi. Sashen gaggawa kyauta ne, amma da an kwantar da baƙo a asibiti a Ingila ana cajinsa kashi 150 cikin 100 na kuɗin maganin, bashin da ya kai fam 500 da ba a biya ba kuma yana iya hana biza ta gaba.

Sai ranar dawowa. Mace ta rubuta mako uku, biki ya watse, miji ya ce ki ƙara kwana biyu tunda bizar wata shida ce, sai ga ta ta yi wata biyar. Ba ta wuce wa'adi ba, amma a nema na gaba za a tambaya wane aiki ne wannan da aka bari wata biyar, kuma wa ya riƙe yaran da aka ce su za su dawo da ita. Idan ana son dogon zama, a rubuta shi tun farko a kawo hujjarsa. Idan rashin lafiya ko wani uzuri ya tsawaita zaman, a ajiye takardar asibiti da ta sauya tikiti, a yi bayaninsu a fom na gaba tun kafin a tambaya.