Kurakuran da ake yi wajen sa wa tsohuwar bindiga farashi, da batun faɗin nawa aka saye ta

Bindigogi biyu ƙirar Mauser K98k ta sojojin Jamus, masana'anta ɗaya, shekara ɗaya, suna iya bambanta a farashi nesa ba kusa ba, alhali wanda bai sani ba zai rantse tagwaye ne. Masu tara tsofaffin bindigogi, a ƙasashen da doka ta yarda da hakan, abin da suke biya wa kuɗi shi ne yawan abin da ya rage a jikin bindigar yadda ya fito daga masana'anta. Yawancin asarar da ake tafkawa daga rashin gane wannan take tasowa.

Ɗaukar kuɗin da aka sa a matsayin kuɗin da aka sallama

Mai kaya yana da ikon rubuta duk abin da ya ga dama, kuma bindiga tana iya shekara a kasuwa da wannan farashin ba wanda ya taya. Abin dogaro shi ne cinikin da ya faɗa. A nemo aƙalla guda biyar da aka sayar cikin watanni 12 da suka wuce, masu ƙira ɗaya, masana'anta ɗaya, lafiyar jiki kusan ɗaya. A ajiye mafi tsada da mafi araha gefe, a yi aiki da na tsakiya, domin mafi tsadar sau da yawa mutum biyu ne suka yi zuciya a wurin gwanjo.

Sannan a lura da la'ada. Misali, idan aka buga guduma a kan dala 1,000 kuma gidan gwanjo yana karɓar kashi 20 cikin 100 daga mai saye, abin da ya fita daga aljihunsa dala 1,200 ne, ban da haraji da kuɗin aikawa. Mai sayarwa kuma ana zaftare tasa la'adar daga 1,000 ɗin. Ciniki ɗaya ke nan mai lambobi uku, don haka kafin a kafa hujja da kowace lamba a tambaya wacce ce a cikinsu.

Zaton tsufa shi ne daraja

Mosin-Nagant ta Rasha ƙirar 1891 ce, amma an ƙera ta miliyoyi barkatai, shi ya sa gama-garinta ba ta da tsada. Wadda sojojin Finland suka sake ginawa, kamar M39, tana da nata masu nema daban. Ƙarancin kaya da yawan masu nema su ke yanka farashi.

Rashin bin lambobi ɗaya bayan ɗaya

Nan ne aka fi cin kuɗin mutane. K98k, wadda sojojin Jamus suka karɓa a 1935, ana buga lambarta a gangar jikin ƙarfe, da bututu, da sakata (ƙarfen da ake ja a tura harsashi cikin bututu), da murfin ƙasan gidan harsashi, da zobban da ke riƙe katako, har da cikin katakon kansa. Ƙananan sassa sukan ɗauki lambobin ƙarshe kawai. Idan duka suka yi daidai da juna, farashi yana sama. Sakatar wata bindiga kaɗai ta isa ta sauko da shi ƙasa sosai.

Waɗanda Tarayyar Sobiyet ta kwashe a Yaƙin Duniya na Biyu ta gyara suna da alamomin da ba sa ɓuya: lambar sakata an rubuta ta da alƙalamin lantarki, layinta a karkace kamar rubutun hannu, akwai alamar X a gangar jiki, katako kuma an shafe shi da wani fenti mai ƙyalli ja-ja. Bindigogi ne na gaskiya masu tarihinsu, sai dai ajinsu daban ne, kuɗinsu ma haka.

Matsalar ita ce masu goge tsohuwar lamba su buga sabuwa. A sa tocila a kwance a gefen ƙarfen, a duba da gilashin ƙara girma. Wurin da aka goge yakan ɗan lotsa, kalarsa ta saɓa da kewayensa. A gwada siffar lamba 2 ko 7 da ke kan sakata da wadda ke kan gangar jiki, da kuma hotunan wasu da aka tabbatar na wannan masana'anta a wannan shekara, kamar masu alamar byf ta Mauser Oberndorf ko bnz ta Steyr.

Kada kuma a ɗauki wannan ma'auni a ɗora wa kowace ƙira. M1 Garand ta Amurka ba a buga lambar bindiga a ƙananan sassanta. Abin da ke jikinsu lambar zanen ƙira ce, kuma aikin mai dubawa shi ne ya ga ko ta dace da watan da aka ƙera gangar jikin. Galibinsu an sake haɗa su a rumbunan soja, saboda haka cakuɗar sassa a Garand ba abin mamaki ba ne. Wadda aka ce komai nata na asali ne ita ce ke bukatar bincike.

Gogewa don ta yi kyau

Wannan ɓarna ce da ba ta gyaruwa, kuma abin takaici da kyakkyawar niyya ake yinta. Sanfefa a kan katako tana cinye hatimin mai binciken soja, ta dakushe kusurwoyi, har katakon ya koma ƙasa da ƙarfen gindi maimakon ya ɗan ɗara shi. Sake rina ƙarfe ma yana da shaidu: haruffa sun yi laushi, bakin ramukan noti ya faɗa, sannan ana ganin ramukan tsohuwar tsatsa a ƙarƙashin sabon baƙi. Bindigar da rabin rininta na asali ya koɗe ta fi wadda aka sake rinawa tas daraja a wurin mai tarawa. Abin da ya halatta kaɗan ne: tsumma mai laushi, mai kaɗan a ƙarfe, ajiya inda babu laima. Wadda aka yanke wa katako ko aka huda don ɗaura madubin hange, a yi mata kuɗin bindigar farauta kawai.

Gyaran da soja suka yi da kansu hukuncinsa daban. Lee-Enfield ta Birtaniya mai hatimin FTR, wato alamar cikakken gyara, an sabunta ta ne a masana'anta a hukumance, kuma wannan yana cikin tarihinta. A Arisaka ta Japan kuwa, furen sarauta da ke saman gangar jiki an goge shi a da yawa daga cikinsu lokacin da Japan ta miƙa wuya a 1945, don haka mai furenta lafiya ta fi tsada.

Mantawa da cikin bututu

Tsofaffin harsasan soja suna barin gishiri mai jawo tsatsa. A cire sakata, a haska daga baya, a ga ko tsagar ciki tana da kaifi ko ta yi baƙi da ramuka. Springfield M1903 na Amurka masu lamba ƙasa da 800,000 an daɗe ana gargaɗin kada a harba su saboda matsalar yadda aka gasa ƙarfensu a masana'anta, kuma wannan yana rage masu nema. Saye daga hoto biyu ba tare da ganin bututu ba cinikin biri a sama ne.

Biyan kuɗin labari

"Wani janar ne ya riƙe ta" ba ya ƙara ko sisi sai da takarda mai ɗauke da lambar bindigar. Ga tsofaffin Winchester da yawa, gidan tarihin bindigogi na Cody a jihar Wyoming yana ba da wasiƙa daga kundin masana'anta. Lee-Enfield No. 5, gajeriyar nan da aka ƙera daga 1944 zuwa 1947, jabunta sun yi yawa, ana yanko su daga doguwarta, No. 4. Ta gaskiya tana da wuraren da aka rarake ƙarfe don rage nauyi, a gangar jiki da gindin bututu ƙarƙashin katako.

A faɗi abin da aka biya ko a yi shiru?

A ganinmu a faɗa, domin ɓoye farashi masu cutar sabon shiga kawai yake amfana. Kasuwa ce ƙarama, ciniki da yawa hannu da hannu ake yinsa, kuma in kowa ya kama bakinsa babu abin da zai rage sai farashin talla. Amma kuskure biyu ake yi a nan.

Na farko, faɗin lamba tsirara. "Na same ta dala 600" ba ya koyar da kowa komai, yana ma sa a raina kayan wani. A haɗa da shekarar saye, a gwanjo ne ko a hannu, da la'ada ko babu, lambobi sun dace ko a'a, yanayin bututu, da ko ragin abota aka yi. Farashin shekaru 15 baya tarihi ne, ba a taya kayan yau da shi.

Na biyu, faɗin abin da ya wuce farashi. Sunan wanda ya sayar, inda ake ajiya, yawan abin da aka tara, cikakkiyar lambar bindiga a hoto, duk waɗannan a riƙe su. Bindiga kaya ce da ɓarayi ke bi, kuma masu zamba suna kwafe hoto da lamba su tallata abin da ba su da shi. A rufe lambobi biyu ko uku na ƙarshe. Idan mai sayarwa ya roƙi a rufa masa asirin ragin da ya yi, alkawari ne, a cika.

A tsakiyar ciniki babu wanda ya wajaba ya faɗi kuɗin da ya saya, kuma mai saye ba shi da hujjar cewa tunda an samu da araha dole a sayar masa da araha. Wanda bai son faɗa ya ce ba zai faɗa ba, ya fi ya ƙirƙiri lamba, domin lambar ƙarya tana yawo ta zama ma'aunin wasu.

Wurin da shiru ba shi da uzuri ko kaɗan shi ne cikin gida. Kowace bindiga ta samu shafinta a littafi: ƙira, lamba, ranar saye, kuɗin da aka biya, rasit, hotuna, da kiyasin darajarta da ake sabuntawa duk bayan shekara biyu ko uku. Kamfanin inshora zai nemi wannan, magada ma za su bukace shi ranar da dillali ya zo tayawa. A ajiye kwafi ɗaya a wani wuri daban da inda bindigogin suke.