Hita, taga da funfuna: abin da sabon zuwa Ingila ya kamata ya sani kafin sanyi

Yawancin 'yan'uwanmu da ke zuwa Ingila karatu ko aikin jinya a watan Satumba suke sauka, kuma kafin su gama gane hanyar bas sanyi ya kankama. Da ya kankama, kusan kowa dabara ɗaya yake yi: a rufe tagogi ruf, a cusa tsumma a ƙasan ƙofa, a kashe hita don tsoron kuɗin gas, a shige bargo. Ban ga laifin kowa ba, kuɗin wuta da gas a ƙasar nan ba wasa ba ne. Amma wannan dabarar ce ke jawo tarin yara da ba ya jin magani, da warin tufafi a cikin durowa, da rigima da mai gida ranar da za a karɓi kuɗin ajiyar da aka ba shi lokacin kama haya.

Gidajenmu na Kano ko Maraɗi da kansu suke shan iska. Tsakar gida a buɗe take, shanya a igiya ake yi, hunturunmu kuma busasshe ne har leɓe na tsagewa. Sanyin nan jiƙaƙƙe ne, gidan kuma an gina shi don ya riƙe ɗumi, tagoginsa gilashi ruɓi biyu da roba a gefe. Duk tururin da ya tashi a ciki, a ciki zai zauna sai in kun ba shi hanya. Tukunyar wake da ta yi awa biyu tana tafasa, ruwan tuwo, wankan mutum biyar, ruwan alwala a ƙasan banɗaki, jiƙaƙƙun kaya da aka baza a kan hita, har numfashinku na dare, duk ruwa ne a cikin iska. Idan ya taɓa gilashi ko bango mai sanyi sai ya koma raɓa. Shi ne za ku tashi da asuba ku ga taga tana zubar da ruwa har ya taru a gindinta. Bayan 'yan makonni sai baƙaƙen ɗigo-ɗigo su fito a kusurwar tagar, da bayan durowa, da gefen katifar da ta jingina da bango. Funfuna ke nan.

Kada ku ɗauke ta datti kawai. A watan Disamba na 2020 wani yaro mai suna Awaab Ishak, ɗan shekara 2, wanda iyayensa suka zo daga Sudan, ya rasu a garin Rochdale. A Nuwamban 2022 binciken kotu ya tabbatar da cewa daɗewar da ya yi yana shaƙar funfunar gidan da suke haya ce ta yi ajalinsa. Mahaifinsa ya sha kai kuka, masu gidan suka ɗora laifi a kan yanayin zaman iyalin. Allah Ya jiƙansa. Bayan haka ne gwamnati ta fitar da jagora a 2023 tana cewa bai dace a riƙa ɗora wa ɗan haya laifin danshi da funfuna ba, aka kuma yi doka da sunan yaron. Daga 27 ga Oktoba 2025, masu gidajen kansul, wato ƙaramar hukuma, da na ƙungiyoyin gidajen haya masu rangwame dole su binciki babban ƙorafin funfuna cikin kwanakin aiki 10, na gaggawa kuwa cikin awa 24. Na kawo wannan ne saboda mutanenmu akwai kunya da kawaici, sai mutum ya yi ta goge bango yana shiru don kada a ce baƙo ya cika ƙorafi.

Abin da ke hannunku shi ne ku haɗa ɗumi da iska, kada ku zaɓi ɗaya. Hukumomin lafiya na ƙasar suna ba da shawarar kada ɗakin zama ya yi ƙasa da digiri 18, musamman in akwai jariri, tsoho ko mai asma. Saita na'urar bango mai daidaita zafin hita a kan 18 ko 19 a bar ta tana aiki a hankali ya fi a ƙure ta awa ɗaya a kashe, domin bangon da ya huce shi ke tara raɓa. Ɗakin da ba a kwana ma a bar masa ɗan ɗumi. Da safe ku buɗe tagar ɗakin kwana kamar minti 10, ko da ana sanyi, ku goge raɓar da tsumma. Ku duba saman taga, galibi akwai 'yar siririyar kafa mai murfi. Don iska aka yi ta, ku bar ta a buɗe, kada a liƙe ta da salatif.

Kicin da banɗaki suna da fankar da ke zuƙe tururi. Wasu suna kashe ta daga makunnin da ke saman ƙofa don ƙararta ta dame su, ko suna zaton tana shan wuta. Wutar da take sha kaɗan ce ƙwarai. Don ku gane ko tana aiki, ku kunna ta ku ɗora fallen takardar banɗaki a bakinta: in ta riƙe, lafiya, in ta faɗo, ku gaya wa mai gida. Uwargida, a rufe tukunya da murfi, a ja ƙofar kicin yayin girki. Wanki kuma, in babu injin busarwa, a shanya a ɗaki guda, ƙofa a rufe, taga a ɗan buɗe. Wanda ke da hali ya sayi na'urar tsotse danshi. Ranar farko da kuka juye tankinta za ku yi mamakin ruwan da ke yawo a ɗakinku. A kuma janye durowa da gado daga bangon waje, ko da faɗin tafin hannu ne.

Ita hitar kanta, a yawancin gidaje tukunyar gas ce da ake kira boila, tana dafa ruwa tana tura shi cikin ƙarafan da ke manne da bango, wato radiyeta. In kun taɓa radiyeta kuka ji ƙasanta da zafi samanta da sanyi, iska ce ta taru a ciki, kuma akwai ɗan makulli mai araha da ake sassauta bakinta har iskar ta fita ruwa ya fara ɗiga. Agogon da ke nuna matsin ruwan boila kuma allurarsa ta zauna tsakanin 1 da 1.5 in injin ya huce. Iyakarku ke nan. Buɗe cikin boila aikin makaniken da ke da rajistar Gas Safe ne, wato rajistar hukuma ta masu aikin gas, kuma kuna da damar cewa ya nuna katinsa. Doka ta wajabta wa mai gida ya sa a duba kayan gas duk shekara, ya ba ku takardar shaida kafin ku tare. In ejan bai ba ku ba, ku nema.

Dalilin wannan tsanani shi ne iskar kabon monoksaid. Mun san ta a gida, ita ce ke kashe iyali guda in aka kwana da janareta a cikin ɗaki. Ba ta da launi, ba ta da wari. Boilar da ta lalace tana fitar da ita, haka garwashin gawayi. Alamarta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, kuma abin lura shi ne mutanen gida da yawa su ji haka lokaci ɗaya, su ji sauƙi in sun fita. Harshen wutar murhu shuɗi ya kamata ya zama. In ya koma ruwan ɗorawa yana lilo, akwai matsala. Tun 1 ga Oktoba 2022 dole mai gida ya sa ƙararrawar wannan iska a ɗakin da boila take. In ta yi kuka, ku buɗe tagogi, ku fitar da kowa, ku kira lambar gaggawa ta gas 0800 111 999, in wani ya galabaita kuma 999 don motar asibiti.

Maganar turaren wuta dole a yi ta, don gidan Bahaushiya ba ya rabuwa da shi. Kasko da garwashi a ɗakin da aka rufe ruf haɗari ne na gaske. Ku koma ga bona ta lantarki, ku rage yawa, ku buɗe taga, ku nisanta shi da jariri da mai asma. Abin da na fi roƙonku shi ne kada a cire batirin ƙararrawar hayaƙi ko a ɗaure ta da leda don turare na sa ta ihu. Ana yi da niyyar mayarwa, sai a manta. Haka nan kada a kunna murhun gas ko a buɗe oben don ɗumama ɗaki, kuma kada a shigo da abin gashin nama ciki in ruwa ya sauko ranar Sallah, ko da wutar ta yi kamar ta mutu.

Zafi ma yana zuwa. A 19 ga Yuli 2022 an auna digiri 40.3 a garin Coningsby na Ingila, kuma yawancin gidajen nan ba su da esi. A ja labule da rana, a buɗe tagogi biyu masu kallon juna da dare, a kunna fanka. Mai ƙaramar esi mai tayoyi ya fitar da bututunta ta taga, ya riƙa wanke matatarta.

In kun yi duk naku amma funfuna tana dawowa, ko bango na tsatsafar ruwa, ko hita ta mutu, matsalar ginin ce. Ku ɗauki hoto, ku rubuta wa mai gida ko ejan ta imel don kwanan wata ya zauna, kada ku tsaya a kiran waya. In yaro na tari, ku gaya wa likita halin da ɗakin yake ciki. Idan mai gida ya yi kunnen uwar shegu, sashen kula da lafiyar muhalli na kansul ɗinku yana da ikon zuwa ya duba ya tilasta gyara, kuma ƙungiyoyin agaji na Shelter da Citizens Advice suna ba da shawara kyauta. Kada dai ku daina biyan haya don fushi kafin ku ji ta bakinsu, domin bashin haya hujja ce da mai gida zai iya kai ku kotu da ita.