Kurakuran da aka fi yi wajen ɗora rarrabuwar yiwuwa a kan alƙaluma marasa tsari

Manhajar ƙididdiga ba ta san inda lambobin da aka ba ta suka fito ba. Ko R ce ko SciPy ta Python, da zarar an umarce ta da ta ɗora rarrabuwar yiwuwa (wato tsarin lissafi mai nuna yadda lambobi suke bazuwa da yiwuwar samun kowace) irin su gamma ko Weibull a kan wasu alƙaluma, sau da yawa za ta fitar da sakamako mai kyan gani ko da bai dace da su ba, kuma daga nan yawancin kurakuran suke farawa.

Babbar matsala ita ce sifili. A ɗauki ma'aunin ruwan sama na kowace rana a Kano: daga Nuwamba zuwa Maris kusan duk ranakun sifili ne, kuma ko a tsakiyar damina ana samun ranakun da ko ɗigo ba ya sauka. Rarrabuwar gamma da ta lognormal kuwa lambobin da suka haura sifili kawai suke karɓa, shi ya sa umarnin fitdist na ƙunshin fitdistrplus da ke cikin R yake tsayawa ya nuna kuskure. Abin da mutane suka saba yi shi ne su ƙara wa kowace lamba 0.001 domin manhajar ta yi shiru, alhali lissafin yana amfani da logaridim (ln) na lambobin, kuma na 0.001 ya kai kusan -6.9, wanda zai ja dukkan lissafin zuwa inda bai kamata ba. Gyaran shi ne a raba tambayar gida biyu: a fara lissafa yiwuwar samun ruwa a rana, sannan a ɗora gamma a kan ranakun da aka yi ruwan kaɗai, kuma ya fi kyau a yi haka wata-wata, tunda Agusta ba ɗaya yake da Mayu ba.

Masu aiki da SciPy suna da nasu tarkon. Idan ba a rubuta floc=0 ba (umarnin da yake kafa farkon rarrabuwar a kan sifili), manhajar za ta ƙiyasta wurin da rarrabuwar take farawa da kanta, ta sauya sauran ma'aunan, wato lambobin da suke tsara siffar rarrabuwar, ba tare da gargaɗi ba.

Akwai kuma lambobin da ba na gaskiya ba ne. Wasu tashoshin yanayi suna rubuta -999 a gurbin ranar da ba a yi awo ba, kuma guda ɗaya ta isa ta lalata matsakaici. Haka shekarun mutane a bincike sukan taru a kan 30 da 35 da 40, domin wanda bai riƙe ranar haihuwarsa ba kintace yake yi. Duba ɗanyen alƙaluman da ido, da zana su, yana tona irin wannan cikin mintuna kaɗan.

Kuskuren da ya fi ɓuya yana wajen gwaji. Ana ƙiyasta ma'aunan daga alƙaluma, sannan a koma a gwada dacewarsu da gwajin Kolmogorov-Smirnov a kan alƙaluman nan dai, abin da yake sa gwajin ya yi sassauci fiye da kima, ya amince da abin da ya kamata ya ƙi. Tun 1967 masanin ƙididdiga Lilliefors ya fitar da gyara ga rarrabuwar normal (mai siffar ƙararrawa), ga sauran kuwa sai a kwaikwayi samfura masu yawa a sake ƙiyasi a kowanne. Gwajin Kolmogorov-Smirnov kuma ba ya lura sosai da wutsiyar rarrabuwa, wato can ƙarshenta, inda mamakon ruwa mai jawo ambaliya yake, don haka gwajin Anderson-Darling da zanen Q-Q (mai jera alƙaluman gaba da abin da rarrabuwar ta hasasa) sun fi amfani a nan.

A ganina, ɗabi'ar gwada rarrabuwa hamsin a zaɓi wadda AIC ɗinta (makin kwatanta dacewar rarrabuwa) ya fi ƙanƙanta ita ma kuskure ce, domin AIC kwatanta su kawai yake yi da juna, ba ya tabbatar da cewa ko ɗaya ta dace. Idan zanen ya nuna tozo biyu, kamar yadda yakan faru in an haɗa farashin gero na kaka da na tsakiyar damina, sai a raba alƙaluman bisa lokaci ko a yi amfani da gaurayen rarrabuwa biyu.