Yadda ake sa wa ƙafar IC resista mai ɗaga layi

Idan ka haɗa LM393, wani IC (ɗan guntun lantarki mai ƙafafu) da ke kwatanta ƙarfin wuta biyu, ka ga ƙafarsa ta fitarwa ta ƙi hawa zuwa bolt 5, kada ka yi saurin cewa ya ƙone. Transista ɗaya ce a bakin fitar, kuma kolektarta a buɗe take. Abu biyu kawai take iyawa: ta ja layin zuwa ƙasa, ko ta sake shi. In ta sake shi, babu mai ɗaga shi, sai ya yi ta lilo, mita ta nuna maka abin da ta ga dama. Haka IC irin LM339 da 7407 suke, haka ma SDA da SCL, layuka biyu na I2C, hanyar da IC-IC ke musayar bayanai da juna.

Maganin shi ne resista ɗaya, ƙafa guda a kan layin fitarwa, ɗayar a kan wutar da kake so layin ya kai. Ni nakan fara da 10k, wato ohm dubu goma, idan siginar ba mai sauri ba ce.

Zaɓen girmanta ne ke buƙatar natsuwa. In ta yi ƙanƙanta, transistar ciki za ta sha wuta fiye da ƙarfinta, layin kuma ba zai sauka sosai ba. A I2C, ƙa'ida ita ce transistar ta iya shan miliyamfa 3, wato amfa 0.003, layin kuma bai wuce bolt 0.4 ba. Cire 0.4 daga 5, ka raba da 0.003, za ka samu kusan 1.5k, kada ka yi ƙasa da haka. In kuma ta yi girma, layin zai riƙa hawa a hankali, domin sai ta cika cajin da wayoyi da ƙafafun IC ke riƙewa. A gudun kilohaz 400, nanosakan 300 kacal aka ba layin ya hau. Shi ya sa ba na dogara da resistocin cikin ATmega328P, ƙaramar kwamfutar da ke cikin IC guda, masu 20k zuwa 50k. Sun isa maɓalli, amma sun yi wa I2C rauni. A nan 4.7k ce ta fi yi mini aiki.

Ka duba allunan da ka sayo ma. Da yawansu sun zo da tasu resistar a jiki, kuma uku masu 4.7k a layi ɗaya sun koma kusan 1.6k, dab da iyaka ke nan. Cire biyu ka bar ɗaya.

IC mai tura wuta sama da ƙasa da kansa, irin 74HC00, ba ya buƙatar wannan resista, kuma ba a haɗa ƙafafun fitarwarsa biyu wuri ɗaya. Takardar bayanin IC ɗin za ta faɗa maka wane iri ne a hannunka.